Na Goge Hannuwan Mahaifiyarta

Malama, ina roƙon ki taimake ni da shawara cikin gaggawa, domin na yi ɓarna da hannuna, kuma wadda na yi wa ba ta sani ba tukuna.

Ni ma'ajin takardu ne, shekara ashirin da uku ina jera fayil. Ban yi zurfi a karatu ba. Abin da na sani game da tarbiyya da hawan jini da gyaran famfo, duk daga ƙananan littattafan bakin titi na koya. 'Ya ɗaya gare ni, 'yan ajinsu suna kiranta Darakta. Tana aji huɗu na firamare ta ari tsohuwar wayata, ta ɗauki bidiyon tururuwa suna jan ƙwayar sukari a ƙarƙashin tebur, minti goma sha ɗaya. Na rubuta a littafina, kamar yadda nake rubuta komai. A ƙaramar sakandare ta koma tara 'ya'yan maƙwabta, ta yafa musu zanin gado, suna wasan kwaikwayo, kowa yana ihu yana faɗuwa kamar matacce. Mahaifiyarta, Allah ya jiƙanta, takan ajiye ɗinki don dariya, ta ce yarinyar nan sai ta ƙarar da unguwa kafin ta gama makaranta. Da ta shiga babbar sakandare, hayaniyar ta ɗauke. Sai ta zauna gefe shiru da kyamarar da kawunta ya ba ta, ba ta umartar kowa da komai. Na ɗauka gajiya ta fara yi.

Makon jiya ta ce katin kyamarar ya cika. Ina da ɗan littafin koyon ɗaukar hoto, shafi na tara ya ce hoton da ya yanke kan mutum ɓatacce ne. Tana makaranta na bi hotunan bidiyon da ke katin ɗaya bayan ɗaya, na ware guda arba'in da ɗaya da babu kai a cikinsu, na rubuta lambar kowanne da kwanan watansa, sannan na goge. Ban tsaya kallonsu ba, kai kawai nake nema.

Jiya muna cin abinci ta gaya mini cewa fim ɗinta na kammala makaranta, wanda da shi za a zaɓi masu wucewa kwalejin koyon fim, a kan hannuwan mahaifiyarta ne: suna zura zare a allura, suna ninke rigunana, suna riƙe da kofi a watanta na ƙarshe. Da gangan ta bar fuskar, domin marigayiyar ba ta so a ga ramewarta. Na duba kwanakin da na rubuta, su ne. Ba su a ko'ina sai a katin nan. Shekara goma sha tara muna tare da matar nan, Malama, ban gane hannunta ba.

Ƙarshen makon gobe za ta fara haɗa fim ɗin, ta miƙa nan da mako uku. Zuciyata tana ce mini in ce katin ne ya lalace da kansa. Ban taɓa yi mata ƙarya ba, amma ina tsoron kallon da za ta yi mini.

Uba mai fargaba

Malam, sannu da wannan nauyi. Kafin komai, ka cire katin daga kyamarar yanzu, kada a ɗauki ko hoto ɗaya a kansa. Sau da yawa abin da aka goge yakan dawo muddin ba a ɗora sabo a kai ba. Ban yi maka alkawari ba, amma akwai fata. Ka nemi ƙwararre wajen dawo da bayanai, ba kowane mai gyaran waya ba, ka tafi da lambobin nan da ka rubuta. Tsantsenin da ya jawo ɓarnar zai taimaka wajen gyaranta.

Amma kada ka je kai kaɗai. Ka gaya wa 'yarka yau, ku tafi tare. Idan ka ɗora wa katin laifi, kanta za ta zarga da sakaci, ta rayu da tunanin ita ta zubar da abin da ya rage mata na uwarta. Wannan kayan naka ne, kada ka ɗora mata.

Niyyarka mai kyau ce, ban musa ba. Sai dai katin ba fayil ɗin ofis ba ne, kuma ba ka nemi izini ba. Za ta yi fushi, tana da gaskiya. Ka bar ta ta yi, kada ka kare kanka da shafi na tara, kada ka tambaye ta dalilin da ya sa ba ta ajiye kwafi ba. Ku sanar da malaminta da wuri, ko a ƙara mata lokaci.

Idan sun dawo, ka roƙe ta ku kalla tare, babu biro a hannunka. Idan ba su dawo ba, ka zaunar da ita ka ba ta labarin hannuwan nan, domin ka riga ta saninsu, ko da ranar nan ba ka duba ba. Allah ya jiƙan marigayiya, ya sanyaya zuciyar Darakta, ya ba ka ƙarfin buɗe baki.