Famfon Birkin Motar Maidoki

Filinge, 3 ga Mayu

Zuwa ga Malam Hamani,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni ce Lantana, matar abokinka marigayi Maidoki, wanda kake ce ma yaya. Ta'aziyyarka ta iso mu bara, Allah shi saka da alheri. An ce mini kunnenka ya yi nauyi, ba ka jin waya, shi ya sa na rubuto.

Tsohuwar motar nan tamu, samfurin kat-san-kat, tana nan da ranta. Garba, mijin ɗiyata, shi ka tuƙa ta yanzu. Ka san aikina na ungozoma: in haihuwa ta gardama a ƙauyukan Kurfai, da ita muke ɗauko mace zuwa lokotoro, wato asibiti. To, birkinta ya mutu. Garba na takawa, ƙafa ta tafi har ƙasa. Bakanike ya ce famfon birki ne ya cinye, ya nuna muna wani sabo cikin kwali, ya ce na motocin baya-bayan nan ne amma zai hau.

Damina ta kusa, kuma ina da mata huɗu da watansu ya tsaya a bayan dutse. Ka fi kowa sanin motar ga. Mu ɗauka, ko mu bari?

Ka huta lafiya.
Lantana

Yamai, 9 ga Mayu

Matar yayana,

Fofo, sannu. Takardarki ta same ni a rumfar gyarana, sai da na karanta ta sau uku. Ina gajiya, ina haƙurin rashi?

Kada ku ɗauki wancan. In ma kun ɗauka, kada a ɗaura. Ki sa Garba shi zauna ki karanta mishi wannan a hankali. Motarku birkin tambur gare ta ƙafa huɗu, irin mai kwano. Sabon nan an yi shi ne don masu faifai. Famfon tambur yana da ɗan murfi mai sifirin a bakinsa daga ciki, wanda ke tsare ɗan matsin mai cikin bututu ko an ɗaga ƙafa. In babu shi, robobin ƙafafu su saki, iska ta shiga. Kwana biyu zai kama lafiya lau, ku ce an dace. Rana ta uku, a gangara, sai an taka sau biyu ko uku kafin ya ji, kuma gangaren dutse ba ya jiran taku na uku.

Faɗin raminsa ma sai ya zo daidai. In ya fi faɗi, birki ya yi tauri kamar an taka kututture, mota kuma tana tafiya abinta.

Ku cire tsohon, ku naɗe shi a tsumma, ku ba direban da ke tasowa ran kasuwa. Zan zaga da shi wurin masu tsofaffin kaya in auna da hannuna.

Sai dai abu guda. In na samo, ki nemi wani shi ɗaura. Kin san hannuna ya taɓa cin amanar wagga mota. Kwana uku da gyarana ta ƙwace a gangaren Damana, yayana ya ƙare rayuwarsa da ɗingishi. Shekara ashirin da shida ke nan ban taka Filinge ba, kuma ban taɓa wani birki ba sai na tuna.

A gaida Garba da yara.
Hamani

Filinge, 14 ga Mayu

Malam Hamani,

Bayan gaisuwa, ga famfon nan cikin tsumma. Garba ya so gardama, ya ce sabo sabo ne. Na ce ya kai wa bakanike takardarka. Mutumin ya leƙa bakin sabon da tocila, ya leƙa tsohon, ya mai da nasa cikin kwali. Mun gode.

Yanzu ga maganar da ta fi wannan nauyi. Na yi shekara ina juya ta, na rasa ta inda zan fara.

Kwana biyu kafin ya cika, mai gidan ya kore yara daga ɗaki, ya ce: "Lantana, akwai haƙƙin Hamani a wuyana." Na ce wane haƙƙi? Ya ce a wancan lokaci ka sa wa famfon sababbin robobi, ka ce shi lallaɓa da shi har ka samo na ainihi daga Yamai. Shi kuwa ya ga kamar kana jan rai. Washegari a Balleyara ya ga wani mai ƙyalli, ya sa aka ɗaura mishi a can, ya jefa naka ƙarƙashin kujera, bai gaya ma kowa ba. Da wancan sabon famfon ne motar ta faɗa rami. Yana kwance a lokotoro ya ji gari na cewa aikin Hamani ne, kunya ta rufe mishi baki. Kafin ya tashi ka bar gari.

Na ce: "Shekara ashirin da biyar ka yi shiru?" Ya ce: "Kullum sai in ce gobe." Ya yi kuka, ni ma na yi, amma na ji haushinsa ƙwarai, Allah shi gafarta mishi.

Da aka tayar da motar, da hannunsa ya mai da naka. Roba kawai yake canja mishi. Shi ne wannan da ke hannunka. Ka duba shi da kyau. Ban san yawan matan da ya sauko da su daga dutse lafiya ba, amma wasu jariran yau su ma sun haihu.

Ya roƙi gafararka. Ni ma ina roƙo, don na riƙe saƙon shekara guda.

Lantana

Yamai, 22 ga Mayu

Matar yayana,

Ki yi haƙuri da jinkiri. Na buɗe tsumman kafin in buɗe takardar, na ga tsaga biyu da nake yi da zarto a gindin duk abin da na gyara. Na ce to wannan ya aka yi? Da na karanta, na rufe rumfa na tafi gida da rana tsaka. Balkisa matata ta zaci wani ya rasu.

Ba zan ɓoye miki ba, kwana uku na yi ina fushi da shi. Na bar mahaifiyata a can, ban zo jana'izarta ba don kada a nuna ni da baki. Ran na huɗu na ɗauki famfon na wanke da fetur, na ga yadda ya kula da shi, ko tsatsa babu. Sai fushin ya sauka. Na yafe mishi duniya da lahira. Ke kuwa babu abin da zan yafe, sai godiya. Da kin yi shiru, da haka zan shiga kabari.

Ramin tsohon ya zurma, ba ya sake gyaruwa. Na zaga kwana biyu, na ƙi guda shida. Na bakwai na same shi wurin wani dattijo, famfon bai taɓa hawa mota ba, faɗinsa daidai, murfinsa na ciki. Na sa baki na hura, ya riƙe. Na haɗa da robobi da man birki gwangwani biyu.

Tsohon kuwa, in kin yarda, ina son in riƙe shi.

Hamani

Filinge, 25 ga Mayu

Malam Hamani,

Gaisuwa da godiya. Riƙe shi, naka ne. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Wa za ka ba saƙon, kuma wa kake ganin ya dace shi ɗaura?

Lantana

Yamai, 28 ga Mayu

Matar yayana,

Fofo. Ba ni ba kowa saƙon, ni zan kawo. Ina cikin motar Lahadi ta farko.

Garba shi ɗora motarku bisa duwatsu, shi cire ƙafafun huɗu, shi zo da ƙafarsa ta taka birki, don sai mun fidda iska. In mun gama, a kai ni kushewar inna, sannan ta yayana. Daga nan mu hau dutse mu ɗauko wadda ta fi kusa cikin matanki. A gangaren, ni zan tuƙa.

Sai na zo, in Allah ya so.
Hamani