Benen da Ke da Filin Rumfa

Da sunan Allah da ya rayar da ni har na ga jikoki. Ni ce Belaynesh, matar marigayi Getahun, uwar Sileshi da Hirut. Ina rubuta wannan da hankalina garau, ba zazzaɓi, ba wanda ya tsaya a kaina. Da hannuna na rubuta, don kada Sileshi ya ce ƙanwarsa ce ta tsara, kada Hirut ta ce yayanta ne. Likita ya ce zuciyata ta gaji. Ban yi masa gardama ba, shekara saba'in da huɗu tana aiki ba hutu. Raina fari ne ƙal. Abu ɗaya ne ya tsaya mini, shi ne gidan da za a saya, da ku biyu da kuka daina cin abinci a faranti ɗaya saboda shi.

Na ɗaya, maganar gida. Kun san titi zai bi ta kan gidanmu na Arat Kilo, an biya diyya, an ce mu tashi kafin damina. Kowannenku ya kai ni benen da ransa yake so, na kuwa duba da idon gaskiya.

Sileshi, naka mai hawa goma sha takwas ne, gilashi tun daga ƙasa har sama. Ba zan ɓoye ba, yana da kyau. Da muka shiga lif na riƙe hannunka har ka ce, "Emaye, za ki karya ni kafin mu isa." Da aka buɗe taga na ga dutsen Entoto kamar in miƙa hannu in taɓa, na ji daɗi sosai. Amma da muka sauko, kuna can kai da dillali kuna maganar inda mota za ta kwana, ni na tsaya gaban allon da ke bakin ƙofa. Kun san halina. Tun da na koyi karatu a ajin manya na coci ina da shekara sittin, ba na wuce rubutu ban karanta ba, ko na jikin buhun siminti ne. Na sa yatsa na bi layi-layi. An hana daka a turmi. An hana yanka dabba a harabar gida. An hana shanya a baranda. An hana kafa rumfa.

Na kira dillalin na ce, "Ɗana, in na mutu ina za a kafa rumfa?" Ya ce, "Haba Emaye, kada Allah ya nuna mana!" Na ce, "Zai nuna maka, har taka ma tana tafe. Ina za a kafa?" Ya gyara wuyan rigarsa ya ce akwai zauren haya a otal, ba nisa. Kai kuma ka ja ni gefe ka ce, "Emaye, gida muka zo saya ko kabari?" Na juya na nufi mota don kada in kunyata ka a gaban dillali. Ga amsarka yanzu. Lokacin da mahaifinku ya rasu, kwana uku rumfar idir ɗinmu, ƙungiyar da ke binne mu tun kafin a haife ku, tana tsaye a ƙofar gida. Ban dafa komai ba, ban share ko'ina ba, ban zauna ni kaɗai ba ko na sa'a guda. Maƙwabta ne suka ɗauke ni. A otal wa zai zauna da ku kwana uku? Za su sha ruwan gora su duba agogo su tafi.

Hirut, naki kuma ya fi kowanne faɗi, ɗaki huɗu, ga sauƙi. Aibinsa ɗaya, babu shi. Kin kai ni wani ofis aka nuna mini ɗan bene a cikin akwatin gilashi, da 'yan itatuwa kamar tsinken sakace. Na ce a kai ni in ga na gaske. Da muka isa filin muka leƙa ta ɓular kwanon da aka kewaye shi da shi, sai ga rami cike da ruwa, kwaɗi suna ta biki. Kika ce, "Emaye, shekara biyu ce fa kawai." Na ce, "Je ki karɓo mini shekara biyun a rubuce daga wurin likita." Kin yi dariya har da hawaye, sannan kika yi fushi da ni a mota. Na kuma tambayi matar ofishin ko lambun da ke cikin akwatin zai zauna lambu. Ta kalli takalminta ta ce mai yiwuwa a ɗora wani benen a wurin. To ko a can ma babu filin.

Ga abin da ba ku sani ba. Ranar Alhamis da na ce muku zan je coci, na je, amma da aka tashi ban dawo gida ba. Na ɗauki Gashe Mulugeta, shugaban idir, muka shiga ƙaramar bas har Lebu. Ya taho da igiyar da yake auna rumfa da ita, a naɗe cikin aljihun kwat. Can akwai sababbin benaye huɗu, kowanne hawa biyar, sun zagaye fili a tsakiya. An gama su bara, mutane sun riga sun cika rabi. Tun daga bakin ƙofa ƙamshin gahawa da ake soyawa ya tarbe ni. Barkono shanye a kan tabarmi, tunkiya ɗaure a jikin turke, ana daka a wani ɗaki da aka ware a gefe don yanka da aikin turmi. Sai na ji hankalina ya kwanta.

Na riƙe bakin igiya, Gashe ya ja ɗaya bakin. Rumfa ta zauna, har da ragowar wurin murhu uku da hanyar wucewa. Wata mata ta leƙo daga sama ta ce, "Wa ya rasu?" Gashe ya ce, "Ga ta nan riƙe da igiya, ba ta gama shiri ba tukuna." Matar ta sauko tana dariya tana tafa hannu. Sunanta Woizero Tiruwork, ita ce za ta zama maƙwabciyarmu ta ƙofa da ƙofa. Ba ta bar mu mun tafi ba sai da muka sha gahawa zagaye uku. Na tambaye ta duk abin da dillali ba zai faɗa ba. Na ce, "Ruwa fa?" Ta ce, "Ruwanmu mai ibada ne, Laraba da Juma'a yana azumi. Amma akwai tanki." Na ce, "Rufin yana yoyo?" Ta ce, "Tambayi na hawa biyar, ni na sama da ni ne rufina." Na ce, "Ana faɗa?" Ta ce, "Kullum, a kan igiyar shanya. Da yamma kuma a sha gahawa tare."

Sashen da na zaɓa yana hawa na ɗaya a benen da ke fuskantar gabas, ɗaki uku da falo. Babu lif, matakala goma sha bakwai ce, na hau na huta sau ɗaya kawai. Na sa Gashe ya gwada kwanar matakalar da sandarsa, don na taɓa ganin inda aka sauko da akwatin gawa a tsaye, ban so ba. Ya gwada ya ce, "Belaynesh, ke da ba ki da tsawo, za ki juya a nan ko bango ba za ki taɓa ba."

Ba na cewa ba shi da aibi. Kicin ɗin matsattse ne, mutum biyu ba sa juyawa. Ya yi wa Sileshi nisa da wurin aiki. Fentin ma kalar kunun wake ce. Amma shi za ku saya. Sileshi bai ci ba, Hirut ba ta ci ba, tsohuwa ce ta ci.

Na biyu. Takardar mallaka ta ɗauki sunanku ku biyu, ba nawa ba. Sileshi da matarsa Meskerem da yara su zauna tare da ni. Bayan raina ɗakina na Hirut ne, ko ta kwana a ciki ko ba ta kwana ba, kuma ta riƙe makullin ƙofar waje. Kada ta taɓa ƙwanƙwasawa kamar baƙuwa. Ba mai sayarwa ko ba da haya sai ɗayan ya yarda da bakinsa, ba ta waya ba.

Na uku, kayana. Ba su da yawa. Bargon saƙar mahaifinku na Sileshi ne, ya daina cewa ya yi masa nauyi, sanyin Lebu zai koya masa. Littafin Zabura da na koyi karatu da shi na Hirut ne. Turmin gahawa da butar ƙasa na Meskerem ne, don ita kaɗai ce ba ta ƙona 'ya'yan gahawa in tana soyawa. Meskerem, 'yata, na sha yi miki mita a kan gishiri, ki yafe, miyarki ta fi tawa tun da daɗewa. Farin mayafina mai jan baki na jikata Lidet ne. Babban kwandon da muke kewayewa mu ci wainar injera ba na kowa ba ne, na gidan ne, ya zauna a falo.

Na huɗu. Babu kuɗin kowa a kaina. Amma babbar tukunyar da ke ƙarƙashin gadona ta maƙwabciyarmu Etiye Zewditu ce, na aro ta don bikin Hirut shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Duk sanda muka haɗu sai ta ce, "Yaya 'yata da ke aure a gidanki?" Ku mayar mata kafin mu tashi, kuma kada ta koma wayam, ku cika ta da miyar kaza. Kada ku fita daga idir don unguwa ta watse. Wasu sun koma Ayat, wasu Jemo, amma Gashe yana da lambar kowa, rumfa kuma mota ce ke ɗaukarta.

Na biyar, abubuwan da za ku ce na cika tsoro. Ku ce, amma ku yi. Ƙarfen barandar akwai tazara, na zura hannuna har kafaɗa, ɗan ƙaramin kan Lidet zai wuce. A sa raga kafin yara su taka gidan. Tukunyar gas a rufe ta bayan kowane girki. Kada a bar bokitin ruwa a buɗe. Ku gaishe da kowa a matakala, har wanda ba ya amsawa. Sileshi, ka rage gudu a titin Lebu. Hirut, ki ci abinci kafin ki fita aiki, gahawa ba abinci ba ce.

Na shida. Tun bikin Fasika, na tashin Almasihu, ba ku zauna a faranti ɗaya ba. Sileshi, ka ce ƙanwarka mai son banza ce. Hirut, kin ce yayanki so yake abokansa su ɗaga kai su kalle shi. Ni da na goya ku na san kowannenku ya faɗi rabin gaskiya. Na kuma san sauran rabin: kai lif kake nema wa gwiwoyina, ke kuma ɗaki kike nema mini mai faɗi. A kaina kuka yi faɗan, ni kuma na raba shi. Ranar Litinin ku je Lebu a mota ɗaya. Wanda ya ga dama ya yi shiru har a isa, amma mota ɗaya.

Na bakwai, shi ne roƙona. Ranar da aka ba ku makulli, kafin a shigar da ko gado, ku gaya wa Gashe Mulugeta ya kawo rumfar ya kafa a filin nan ina da raina. Na riga na yi masa maganar. Ya ce bai taɓa kafa wa mai numfashi ba sai amarya, na ce to ya ɗauke ni amarya. A yanka tunkiya biyu, a kira mutanen Arat Kilo duk inda suka watsu, a kira sababbin maƙwabta na benaye huɗun nan, su san fuskar juna tun kafin ranar da za ku buƙace su. Kowa rumfarsa ake kafawa bayan idonsa ya rufe. Ni ina so in zauna a cikin tawa, in ga ko akwai inda take yoyo, in ga wa ya zo, in ci nama. Ku biyu ku zauna dama da haguna. Sileshi ya naɗe loma ya sa wa Hirut a baki, Hirut ta sa masa wadda ta fi ta girma, a gaban jama'a. In na ga wannan, kafawa ta biyu ta zo duk ranar da Allah ya so, ba ruwana da ita.

Allah ya yi muku albarka, ku da abokan zamanku da 'ya'yanku. Ya sa ƙofar nan ta gaji da buɗewa saboda baƙi. Ya ba ku maƙwabta masu shigowa ba sallama. Ku riƙe juna, ku riƙe yaran nan, kada wani biki ya same ku a gida biyu. Na yafe muku duka, ku ma ku yafe mini.

Uwarku,
Belaynesh