Sandar Hagu da Na Juya Baibai

Khujand, 9 ga Yuni, 2019

Zuwa ga ƙanena Mirzoali,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya a Surgut, Allah Ya sa ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi, Ya tsare ka a wurin aiki. Mu nan lafiya lau. Matata Mohira tana fama da hawan jininta, inabin tsakar gida kuwa ya fara 'ya'ya.

Shekara ashirin da bakwai ke nan da rufe masana'antarmu, kuma tun daga lokacin babu wanda ya sake neman shawarata a kan ko da ƙusa guda, ni da na yi shekara biyar ina karatun injuna. Kai ma da za ka tafi ka damƙa mini makullin motarka, amma ka ce in ta samu matsala a kai wa Usto Qurbon, bakaniken da ni na koya masa karanta zanen inji. Maganar ta tsaya mini a rai.

A makon jiya sitiyarin ya fara rawa. Matarka Gulchehra ta roƙe ni in kai wa Usto, domin mahaifiyarta tana kwance a Isfara, ko yaushe ana iya kiranta. Na ce mata aikin yini ɗaya ne. Na ɗage motar a tsakar gida, na cire tayoyin gaba. Tayarod na ciki, wato sandar da ke ɗaure da ƙarfen sitiyari, ta dama ta fita ba gardama, ta hagu ta ƙi. Ka san manyan motocin da muka koyi aiki a kansu, notin ƙafar hagu baibai ake kwance shi. Sai na ɗauka nan ma haka ne. Kwana biyu ina zuba mai, ina gasa ta da wuta, ina murɗawa, ashe ƙara ɗaure ta nake yi. Usto ya leƙo ta katanga da kofin shayinsa, ya tambaya wai Malam Injiniya raba su yake so ya yi ko aure yake ɗaura musu. Ya ce in juya ta yadda kowa ke juyawa. Na ce ya je ya koya wa jikokinsa. Na zura bututun ruwa a kan sifana, na hau da duk nauyina, sai ƙarfen sitiyarin ya karye.

Ranar Alhamis da hantsi aka bugo waya daga Isfara, jikin tsohuwar ya yi tsanani. Motar tana kan bulo, Usto ya fita da tasa. Gulchehra ta tafi tasha, ta zauna a motar haya tana jiran fasinja su cika. Na san ta gaya maka motar ce ta lalace da kanta. Asirina ta rufa. Da ta dawo daga zaman makoki, ita ta kawo mini shayi da gurasa kamar kullum, na kasa ɗaga ido in dube ta.

Mohira tana gaishe ka, haka Yaya Saodat da 'yarka Nigina. Ka gaishe mini da ɗan kawunmu Bahrom. Ba na roƙon ka yafe mini, don ba kai na fi yi wa laifi ba. Tsohuwar ta yi ta kiran sunan 'yarta har azahar, Gulchehra kuwa ta isa da la'asar, bayan an rufe mata ido.

Yayanka,
Sharofiddin