Niyyar da Nake Shan Zamzam da Ita

Hindawiyya, Jidda.

Zuwa ga ƙanina Habu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyalinka. Yaya ƙafar Inna? Yaya kuma zaman gida tun da aka maido ka?

Jiya na bi ta kwanar da kake gasa tsire. Sale, wanda ya tona wa hukuma cewa ba ka da iƙama, wato takardar izinin zama, shi na tarar a wurin yana yanka nama da wuƙarka. Har yana ce mini, "Yaya Audu, halas mana, abin ya wuce! Zo ka ɗanɗana." Ban karɓa ba.

Ba zan kai ƙararsa ba, amma na ƙudura niyya. Kullum bayan sallar asuba nakan fuskanci alƙibla, in sha zamzam, in faɗa da bakina cewa zan kafa tukuba daura da tasa, in janye masu sayensa kaf. Sai in rufe ido, in hango namansa yana bushewa a kan wuta, ba mai taya shi. Kafilina, ubangidan da ya tsaya mini a ƙasar nan, ya amince, na kuma samu mai gawayi. Saura haɗin yajinka, ka aiko mini ta hannun maniyyata.

Ka gai da Inna da yara, ku sa ni a addu'a. Wani lokaci nakan yi shakka ko ya halatta a sha zamzam da irin wannan zuciya. Ka tambayo mini Liman, amma kada ka aiko da amsar sai na buɗe tukubar.

Yayanka,
Audu