Ƙishi Na Rubuta, Ba Kishi Ba

Zuwa ga Lubabatu, sanyin randata, inuwar gawon gonata, ruwan farko bayan bazara mai tsawo!

Bayan gaisuwa mai tarin yawa gare ki da autarmu Safina da jaririnta, ki ji kukana, uwar ɗakina. Wallahi ba ni ba ne, wayar ce!

Tun da kika tafi Gangara kula da mai jego, na sayi wannan wayar shafa don in riƙa ganin fuskarki. Ashe wahala na saya! Yatsan da ya shekara arba'in yana riƙe hauya, gilashi bai san shi ba. In na taɓa harafi ɗaya, uku su fito. Ran Laraba na zo kiranki, sai ga hoton hancina ya cika allo.

To, ran Juma'a na rubuta miki cewa ƙishinki zai kashe ni. Ƙishi, Lubabatu, irin na mai azumi da la'asar! Wayar ta cinye ƙugiyar harafin, ta kai miki kishi. Sai ga saƙon muryarki kamar aradu, wai da furfurarki nake zarginki don Jaye, tsohon manemin nan naki, yana zaune Gangara, wai kuma ba za ki dawo Cadakori ba sai bayan an ɗaure gero. Bayan an ɗaure gero? Wa zai kai ni? Fura ta daina daɗi, gidan ya yi mini faɗi, ni kaɗai nake yi wa awaki hira. Na yi kewarki ƙwarai.

Kin manta rijiyar Gidan Sori? Jaye na gefe yana ta buga ƙararrawar sabon kekensa, ni kuwa da ƙafa na zo, ƙura har gwiwa, amma ni kika miƙa wa guga. Na sha, na sha, yau shekara talatin da biyu ban ƙoshi ba. Wanda aka zaɓa a gaban mai keke, wane zargi ya rage masa?

Jiya Malam Ridwanu, malamin lakol, wato makarantar boko, ya nuna mini sirrin: in ka danna harafin ka ɗan jira, sai ya fito da ƙugiyarsa. Ashe ita ma wayar haƙuri take so, kamarki. Tun hantsi nake wannan wasiƙa da yatsa ɗaya, ga shi har an kira la'asar, kowace ƙugiya sai da na jira ta. Ki duba, ko ɗaya ba ta ɓace ba.

Ki huce, ki dawo ranar kasuwa, zan tarye ki a tasha da amalanke. Jaye kuwa, ki gaishe shi, amma daga nesa, don yanzu da na yi ta maimaita kalmar nan, na ji ɗan kaɗan na marar ƙugiyar ma yana motsi.

Naki har ranar da za a ɗauke ni a makara,
mai ƙishinki, da ƙugiya,
Abdulmumini