Biyu Cikin Goma

Zuwa ga Maman Injiniya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da mai jego da jaririn. Ki shafa min kansa.

Na je wurin tausar, sai ki daina aiko min da saƙo ta bakin ɗanki. Shekara talatin da ɗaya ina kafinta, da zarton aro na fara har na kai ga shago mai ƙofa uku. Yau ni ne kwance rub da ciki a kan gadon da ƙafarsa ɗaya ke rawa, saurayin da bai girmi Injiniya ba yana danna ni kamar kwaɓin fulawa. Kafaɗa ce ke ciwo, har da yatsa na nuna masa. Sai ya kama wuya da allon baya, wai naman can ne ya ɗaure ya riƙe hannun. Na ce masa ni in an kawo min kujera mai karyayyar ƙafa ba majingina nake gyarawa ba. Ya yi dariya ya ci gaba.

Abin da ya fi ba ni haushi tambayarsa. Duk dannawa sai ya ce, daga ɗaya zuwa goma, nawa ne zafin? Ni da ƙusa ta taɓa shige min tafin ƙafa na ce da sauƙi. Na ce masa biyu. Ya rubuta.

Sharaɗinki ban manta ba: in kin dawo ban iya rataye hulata a ƙusar bayan ƙofa da hannun dama ba, in miƙa wa Injiniya makullin shago in koma kujera. Har ya fara auna inda zai girka injinansa, yana zaton ban gani ba. Ki gaya masa ya mayar da tef ɗinsa aljihu.

Ki gaida kowa.
Mijinki, Baban Injiniya.

Zuwa ga Maman Injiniya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya hidima, ya kukan jariri?

Sati uku ke nan. Mai tausa ya ce bai taɓa ganin mara lafiya irina ba, kullum biyu. Na ce masa ai ba a kan katifa muka girma ba. Saboda haka ya ƙara ƙarfin hannu, yanzu har da gwiwar hannu yake nutsa min a baya. Ya karɓe jar robar da nake ja ya ba ni baƙa, mai tauri kamar tayar keke. Ya kuma sa in riƙa hawan bango da yatsu safe da yamma. Shekaranjiya mai kawo mana katako ya shigo ya same ni manne da bango kamar tsaka, ya tambaya ko fenti nake dubawa. Na ce e.

Rigar da kika ɗinka min mai ƙaramin wuya na daina sa ta, zafi ake yi. In ɗanki ya ce miki wani dalili ne daban, surutunsa ne.

Albishirinki, hula tana ratayuwa. Ki kwantar da hankalinki.

Naki,
Baban Injiniya.

Zuwa ga Maman Injiniya,

Ina gaishe ki, ina gaida mai jego. Wasiƙarki ta iso. Ki zauna kafin ki karanta wannan, kuma ke kaɗai.

Ranar Litinin mai tausa ya auna ɗagawar hannun da wani abu kamar kwanar da muke daidaita kusurwa da ita. Ya ce ba ci gaba, baya ma aka koma. Tunda kuma zafi biyu ne kawai, ba nama ba ne, gaɓar ce da kanta ta lalace. Ya jawo takarda zai tura ni wurin likitan tiyata. Na ga biro ya fara tafiya. Maman Injiniya, wuƙa fa, a hannun da na ciyar da gidan nan da shi.

Na ce masa tara ne. Ya ɗago. Na ce tun ranar farko tara ne, ranar baƙar roba ma goma, ban dai son cika lamba.

Ashe yaron nan ya iya faɗa. Ya ajiye biro ya wanke ni tas, da ladabi kuwa, Baba kaza Baba kaza, wanda ya fi zagi ciwo. Wai sati uku yana danna kumburi saboda ni, lambar nan ita ce idonsa, na rufe masa ido na ce ya yi aiki. Ya tambaye ni in mai gini ya ba ni awon ƙofa na ƙarya, aikin wa za a zaga? Ni fa ban yi ƙarya ba, tarbiyya ce. Wane babba ne ake tambayarsa jiki ya hau lissafa wa yaro?

An mayar da ni farko. Tawul mai ɗumi, tausa a hankali, jar roba. Haushin da nake ji shi ne abin yana aiki. Jiya na sa rigar nan ni kaɗai.

Saura maganar hula. Na sauke ƙusar da taƙi ɗaya tun satin farko, na toshe tsohon ramin da garin katako da gam, aiki mai kyau, ba za ki taɓa ganewa ba. Yau na sa a mayar da ita inda take. Injiniya ne ya buga, don hannuna bai kai ba. Sau huɗu ya doki ƙusa ɗaya, kuma wai shi za a ba shago.

Yatsa huɗu ya rage tsakanin hular da ƙusar. Kin ce ranar goma ga wata za ki taso. Ni a ganina haihuwar fari ce, yarinyar nan tana buƙatarki. Ki ƙara sati biyu.

Kin tambayi jiki. Shida ne.

Mijinki,
Baban Injiniya.