Kwana Shidan da Ƙafarka Ta Jira Ni

Zuwa ga mahaifina, Malam Sani Maɗori, a Bichi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Umma. Ya ƙarfin jiki, ya ƙafa, ya kuma zaman gida bayan shekara talatin a Riyad?

Na san ba ka karanta boko, ba ka kuma leƙa intanet. Shi ya sa na samu ƙarfin halin rubuta maka a nan, a gaban mutanen da ba su san ka ba. 'Yarka jaruma ce matuƙar ba ka cikin ɗakin.

Baba, sun ɗauke ni. Jiya saƙo ya zo cewa na samu gurbin koyon tiyatar ƙashi. Umma za ta yi guɗa, kai kuma za ka ce gado ne. Kafin ka faɗi haka, akwai abin da ya kamata ka ji.

Ba ka taɓa gane dalilin da ya sa nake ta maimaita jarrabawar da na riga na ci ba. Ka ce ko lasisin tuƙi sau ɗaya ake cinsa. Gaskiyarka. Sai dai a wurinmu ci daban, maki daban. Kowa tiyatar ƙashi yake so, guraben kaɗan ne, na baƙi irinmu sun fi ƙaranci, kuma makin ake fara dubawa kafin a dubi fuskar mutum. An yarda mutum ya sake zama don ya ƙara. Na zauna sau biyu, a lokacin ina shirin na uku, ina farautar ɗan ƙarin da ko a ido ba ya cika.

Ina tuna falonmu na unguwar Al-Shifa ranar Juma'a. Duk mako kana tuƙa motar kafilinka, ubangidan da ya tsaya maka a ƙasar, amma da an sauko masallaci sai leburorin gini su fara sallama, wannan da targaɗe, wancan da gocewar kafaɗa. Ka kan taɓa wurin da yatsu biyu, ka yi tofi, ka ja mutum da hirar garinsu, kafin ya ankara ƙashi ya koma. Wanda ya fi ƙarfinka kuwa, kai da kanka kake kai shi asibiti. Ni ce mai riƙe maka tsumma da karare. Da na shiga jami'a na daina, na koma gyara maka sunayen ƙasusuwa.

Sau nawa na ga ka tsame hannu daga tuwo saboda an yi kira? Umma ta yi mita, ka ce: “Maɗori ba ya cewa gobe. Ƙashi ba ya jiran kowa, in ka bar shi sai ya yanke wa kansa hukunci.”

Ranar da ka zame a banɗaki, saura kwana shida in zauna jarrabawar. Ina ɗakina a unguwar Al-Badi'a, tafiyar da ba ta kai awa guda ba. Umma ta kira bayan azahar, ta ce ba ka iya takawa, ƙafar dama ta kwanta waje, kuma kamar ta fi ɗayar gajarta.

Baba, wannan tambayar jarrabawa ce. Na amsa ta ya fi a ƙirga a littattafan gwaji: dattijo ya faɗi, ƙafa ta gajarta ta juya waje. Karayar kwatangwalo ce, a kai shi tiyata ba tare da jinkiri ba. Ko daga barci aka tashe ni ba zan faɗi wannan ba. Amma na ce wa Umma wataƙila buguwa ce, a shafa man zafi, ina nan zuwa bayan jarrabawa. Na san ba za ka je asibiti don kanka ba sai na zo na tsaya a kanka. Na kuma san in na zo, makon ya tafi. Na ajiye wayar, na koma kan tambaya ta gaba. Har na ci ta.

Sauran ka fi ni sani. Aiki biyu aka yi maka maimakon ɗaya. Ƙafar ba ta ƙara yarda da birki ba, kafili ya ƙi sabunta iƙama, takardar izinin zama, kuka tattara shekara talatin a akwati huɗu. Ni kuwa makina ya ƙaru. An yi mini barka sosai.

Duk wanda ya zo dubiya ka ce masa Hadiza ba ta sani ba, ta waya ba a ganin karaya. Na bar ka kana faɗa. Na ɗauka na ɓoye maka.

Sai a filin jirgi, ina tura ka a keken marasa lafiya, Umma ta ja ni gefe tana ba ni haƙuri. Wai ranar ka yi mata faɗa da ta kira ni. Ka ce: “Don me kika kwatanta mata ƙafar? Ai yanzu ta gane.”

Ashe tun ranar ka sani. Wata goma sha ɗaya ke nan, duk Juma'a muna waya, kana tambayata ko sakamakon neman gurbin ya fito, ko ina cin abinci. Ba ka taɓa ko gyaran murya ba. Da ka zage ni, da na fi samun sauƙi.

A wajen ganawar neman gurbin sun tambaye ni me ya ja ni zuwa ƙashi. Na ba su labarinka, falon Al-Shifa da yatsun nan biyu. Ya burge su ƙwarai. Kwana shidan ne kawai na tsallake.

Zan karɓi gurbin, Baba. Ƙin karɓa ba zai miƙe ƙafarka ba, kuma na san abin da za ka ce. Amma ba zan fara ba sai na zo Bichi na durƙusa na faɗa maka wannan da bakina, ba ta bayan allo ba. In ka yafe, ka miƙo mini ƙafar in duba. Ban taɓa taɓa ta ba tun da ta karye.

Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa ciwon ya zama kaffara, Ya saka maka da Aljanna kai da Umma. Ni kuma Ya sa kada in ƙara ce wa mai kira gobe. Amin.

'Yarka mai riƙe maka karare,
Hadiza
Al-Badi'a, Riyad